Wai Mounkaila Ya Tsere

Laraba, 17 ga Agusta 1988, bayan la'asar. Zongo, Parakou.

Direbobin da suka shigo daga Djougou yau duk bakinsu ɗaya. Shekaranjiya da yamma an yi iska da ruwa irin wanda tsofaffin garin ba su taɓa gani ba. Ta yaye rufin kasuwa, ta tumɓuke mangwarori, katangun ƙasa suka yi ta zubewa. Ina kan keken ɗinki ina jin su sama-sama, sai wani ya ce, "Ai har siton ya faɗi." Ƙafata ta tsaya da kanta.

Siton nan tsohon ma'ajin auduga ne a bayan gari, aka mayar da shi gidan kaso da wuri ya yi musu kaɗan. Can ƙanena Mounkaila yake tun cikin azumi. A shingen shiga Djougou aka kwance buhun wani fasinja a Pijo ɗinsa, aka sami takardun da gwamnati ba ta son a karanta. Fasinjan ya sulale cikin mutane, aka kama direba. Mounkaila ko sunansa ba ya iya karantawa da boko. Har yau ba a kai shi gaban alƙali ba, ba a ce ga laifinsa ba, ba a ce ga ranar fita ba.

Ban faɗa wa Inna ba. Saratou, matarsa, a bakin famfo ta ji. Ta shigo shago da bokiti a ka, ko sallama babu, ta ce, "Yaya Illiyasu, gaskiya ne?"

Na ce gobe da sassafe zan tafi.

Alhamis, 18 ga Agusta, dab da magariba. Djougou.

Hanya ta lalace, a mota muka yini. Daga tasha na wuce siton kai tsaye.

Kwanon rufin yana can nannaɗe cikin gonar masarar wani. Bangon gabas ya kwanta gaba ɗaya. Ga tabarmi a jiƙe, ga kwanonin cin abinci cike da ruwan sama. Ba kowa sai gardi ɗaya, mai tsaron gidan kason, a kan benci yana shanya takalminsa.

Ya ce an kwashe su. Na ce zuwa ina? Ya ce wasu Natitingou, wasu Parakou, masu rauni kuma likita. Na ce an rasa rai? Ya ce, "Kamarad, ni cewa aka yi in tsare wurin."

Na ce wurin da babu kowa? Ya juya takalminsa ɗaya gefen.

Na bi tabarmin nan ina ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. Ban san me nake nema a ƙarƙashinsu ba.

Juma'a, 19 ga Agusta, bayan saukowa daga masallaci.

Na shiga likita, asibitin garin, na bi gado-gado. Akwai mutanen siton a can, kowa da sarƙa a ƙafa an ɗaure a jikin gado. Babu shi. Har na juya, wani tsoho mai naɗaɗɗen kai ya kira ni da Dandanci, yaren mutanen wurin.

"Direban nan mai yawan dariya kake nema?"

Na ce shi.

"Shi ya goyo ni ya fitar. Ya koma ɗauko wani, gungumen rufi ya sauko masa a ƙugu. Amma da ransa na gan shi. An sa shi a kamiyo, babbar motar da ta tafi Parakou."

Da ransa. Na riƙe hannun tsohon har sai da ya ce ina murɗe masa yatsu. Ashe ina nan ina ɗaga tabarmi, shi yana can garinmu, wataƙila ma yana jin kiran sallar masallacin Zongo.

Litinin, 22 ga Agusta, azahar. Parakou.

Na je babban gidan kaso, suka ce ba a kawo musu kowa daga Djougou ba. Na je wajen jandarma, suka ce in tafi gidan shari'a. A gidan shari'a na zauna kan benci tun safe. Mutumin da ke bayan tebur duk sanda tarho ya yi ƙara sai ya miƙe ya ce, "Prêt pour la révolution!" wato a shirye yake don juyin juya hali, ya koma ya zauna. Da layi ya zo kaina ya saurare ni da kyau, ban ɗauke masa wannan ba. Ya ce, "An taɓa gurfanar da shi?" Na ce a'a. Ya buɗe hannuwa.

"To ka gani. Mutumin da ba a kawo mana ba, ba mu muka ɓatar da shi ba."

Na ce to a hannun wa yake? Ya ce hannun waɗanda suka kama shi. Na ce su suka turo ni nan. Ya ce, "Reviens jeudi." Wato in dawo Alhamis.

Laraba, 24 ga Agusta, hantsi.

Jiya cika-ciki. Na ce wa Inna ruwa ya ɓata wurin da suke, an canja musu wani, ana gyara takardu. Ta ce, "Tela, ka gan shi da idonka?" Ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari. Na ce ba a barin shiga tukuna.

Ta sa Saratou ta ware wa Auta cinyar kaza. Haka take ce wa Mounkaila. An rufe ta da faifai, tana nan har yanzu, ba wanda ya iya cewa a bai wa yara.

Alhamis, 25 ga Agusta, la'asar.

Na koma. An ce in dawo wata Alhamis. Ruwa bai ɗauke ba.

Juma'a, 26 ga Agusta, bayan la'asar.

Delegen unguwa, wakilin gwamnati a cikinmu, ya zo da jandarma biyu. Delege ya san mu tun muna yara, amma yau "kamarad" yake ce mini, irin kiran ma'aikatan gwamnati, idonsa a ƙasa. Babban jandarman ya ce Mounkaila évadé ne. Wai ya tsere a hanya ranar da aka kwaso su. Duk wanda ya ɓoye shi ko ya ba shi ruwan sha, hukuncinsu ɗaya.

Suka shiga ɗakuna, suka ɗaga katifu, suka leƙa rumbu da rijiya. Inna tana kan tabarma da carbi, ba ta motsa ba sai da suka ce ta ɗaga su duba ƙarƙashinta.

Bayan sun fita Saratou ta jingina da bango ta fashe da dariya, hawaye na zuba. "Yaya, ya gudu! Mai gudu ai da ƙafafunsa!" Ta ce ta san shi, yanzu haka yana Gaya ko Dosso cikin 'yan'uwa yana ba su labari yana ƙara gishiri.

Na yi dariya tare da ita. Ban gaya mata maganar gungumen ba.

Asabar, 27 ga Agusta, walaha.

Mutumin da gungume ya sauko wa a ƙugu, da me ya gudu?

Litinin, 29 ga Agusta, bayan azahar.

Saratou ce ta gano wurin. Wata mai sayar da ƙosai a bayan tashar jirgin ƙasa ta ce mata akwai wani sito can da ake jin tarin mutane a ciki, gardawa a ƙofa. Muka je da tuwo da miyar kuka da nama a sama. Na ce wa gardi mun kawo wa wani direba abinci, ban faɗi suna ba. Ya tsince naman ya koma inuwa, ya ce mu yi sauri.

Yaou ne ya fito. Shi ma direban layin Djougou ne, a mako ɗaya aka kama su. Ya rame har na so in wuce shi. Da ya ga Saratou sai ya ce ta je ta samo masa ruwa. Tana juyawa ya matso.

Ya ce kamiyonsu ya kafe a laka kusa da Onklou, wajen wani rafi. Aka sauke su su tura. Mounkaila ba ya iya tsayuwa, suka kwantar da shi gindin wata kuka a bakin hanya. Da motar ta fita hadari ya sake haɗowa, gardawa suka yi ta kora su sama da gindin bindiga. Yaou ya ce akwai saura ɗaya. Wani gardi ya je ya taɓa shi da ƙafa, bai motsa ba. Suka yi shawara tsakaninsu, ba mai son shiga Parakou da gawa ya yi bayani. Aka ja mota. Da aka iso aka ga babu mutum ɗaya, sai suka ce ya tsere.

"Yana numfashi, Illiyasu. Wallahi na ga ƙirjinsa yana ɗagawa. Na buga jikin mota har aka fasa mini baki."

Saratou ta dawo da ruwa. Yaou ya sha, ya ce mata miyar ta yi daɗi.

Talata, 30 ga Agusta, sassafe.

Na ce musu zan je Djougou sayen yadi. Saratou ta dube ni, ta koma ɗaki ta fito da rigarsa mai ruwan toka a ninke, ta sa mini a jaka.

Laraba, 31 ga Agusta, la'asar.

Na sauka a Onklou, na sami kukar. Babu komai a gindinta sai sawun shanu. Na yi ta tambayar masu wucewa, kowa ya ce bai sani ba. Wata mata mai ɗauke da itace ta wuce ni, ta yi nisa, ta tsaya ta waigo. Na bi ta.

Ba zan rubuta sunan wurin ba, ba zan rubuta sunan mutumin ba, ko da jandarma ba sa karanta ajami. Manomin doya ne, mijin matar nan. Bukkokinsa suna cikin daji a ƙetaren rafi. Ya ce washegarin ruwan ya fito duba gonarsa ya ga mutum a kwance ƙudaje na bin sa. Ya ga sawun sarƙa a ƙafarsa, ya san ko wane iri ne. Ya ce, "Na wuce shi sau ɗaya. Na kai gona na kasa ɗaga fartanya." Ya dawo ya goya shi.

Na same shi.

Yana kwance kan gadon kara. Daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya ji. Akwai miki a cinyarsa, sun yi ta sa masa ganye, amma warin ya tarye ni tun daga ƙofa. Ya buɗe ido ya daɗe yana kallona, ya ce, "Yaya, ka yi latti, fasinja sun cika." Ya so ya yi dariya, tari ya hana shi.

Na canja masa riga. Ya shinshina wuyanta ya rufe ido.

Alhamis, 1 ga Satumba, azahar.

Na ce zan nemo mota mu kai shi likita Djougou. Ya ce, "Su tambaye ka ina na kwana duk kwanakin nan, ka ce me?"

Na ce zan ce a daji na tsince ka.

"Da ganye a ɗaure a cinyata? Da kunu a cikina? Za su zo nan, Yaya. Yaransa ƙanana ne."

Na ce to ka mutu ke nan saboda kada a tambayi wani? Na ɗaga murya, ban taɓa ɗaga masa murya haka ba tun yana yaro. Mai doya yana tsugune a ƙofa, ba ya jin Hausa amma ya gane. Ya ce mini da Dandanci, "In kana so ka kai shi, ni zan goya shi har bakin hanya. Abin da zai zo ya zo."

Na fita na je bakin rafi. Ya cika ya batse, itatuwa suna wucewa a kai. Ko na yi nasara a gardamar, yau ba mai ƙetarewa. Na tsaya can ina jin kunyar sauƙin da na ji.

Da na dawo ya tambayi Inna, ya tambaya ko an sayar da Pijo. Ya ce in gaya wa Saratou kada ta bari ƙanenta ya tuƙa ta, ba ya sauraren inji. Ya ce, "Wai an ce me na yi? An faɗa maka?" Na ce ba a faɗa ba. Ya ce, "To. Da ma ina so in sani."

Juma'a, 2 ga Satumba, hantsi.

Ruwa ya ɗauke. Rafin ya fara sauka.

Ba zan rubuta yau ba.

Lahadi, 4 ga Satumba, magariba. Parakou.

Na dawo. Inna ta ce ina yadin? Na ce ya yi tsada.

Litinin, 5 ga Satumba, bayan la'asar.

Na je wajen Malam Abdulƙudus, limaminmu, bayan mutane sun watse. Na gaya masa komai.

Na ce Malam, in na faɗa a fili, za su ce in nuna wurin. In na nuna wurin, sun sami mutumin da ya ba shi ruwa. In na yi shiru, a wajen gwamnati yana nan yana gudu har abada. Ba zaman makoki, ba sadaka, ba mai zuwa ya ce wa Inna ta yi haƙuri.

Ya ce, "Matarsa dole ta sani, takaba haƙƙin Allah ce, tun ranar take farawa. Amma babu inda aka ce sai an yi shela." Ya ce ranar Juma'a zai sa a yi masa addu'a, zai ce Allah ya ji ƙan Mounkaila a duk inda yake. Ya ce wannan ba ƙarya a cikinta.

Na sami Saratou a madafa tana tankaɗe. Na tsaya a ƙofa. Ta ce, "Ka sa masa rigar?" Na ce na sa masa. Ta ce, "Da ransa?" Na ce da ransa, har ya shinshina wuyanta. Ta ajiye rariya a hankali, ta cusa bakin zanenta a baki ta cije, don kada Inna ta ji daga ɗaki. Haka ta yi ta girgiza babu sauti. Ni ban iya ko shiga ba.

Alhamis, 8 ga Satumba, walaha.

Mutane suna tare ni a hanya da fara'a, suna rage murya. "An ce yana Yamai." "An ce an gan shi a Kamba yana tuƙa tirela." Wani ma ya rantse ya gaisa da shi. Ina cewa Allah ya sa.

Na ɓata wuyan riga biyu yau.

Laraba, 14 ga Satumba, azahar.

An sako Yaou da sauran direbobin. Ba shari'a, ba bayani. An buɗe ƙofa aka ce su tafi, maganar takardun ta mutu. Ya zo shago ya zauna kan benci, na gaya masa. Ya cire hula ya riƙe a hannu.

Ya ce, "Da sun jefa shi cikin motar nan ko kamar buhu, yau tare za mu fito."

Ban ce masa ya daina ba.

Juma'a, 16 ga Satumba, bayan la'asar.

Babban jandarman nan ya dawo, shi kaɗai, ba bindiga. Har ya gaida Inna da Hausarsa ta kasuwa. Ya ce ya zo da albishir: tsohon zancen an yafe, saura na tserewa kawai. In Mounkaila ya kawo kansa, 'yan watanni ne ya fito. "Ku aika masa, mama. Kada ya ɓata rayuwarsa a banza."

Na ce in mun ji daga gare shi za mu faɗa masa. Na raka shi ƙofa, har ya ce zai kawo mini ɗinkin wando.

Na dawo zan wuce ɗakina, Inna ta ce, "Tela, zo zauna."

Na zauna bakin tabarma. Ta ce, "Yarinyar nan ta cire awarwaronta tun washegarin ranar da ka dawo ba yadi. Idona ne ya yi rauni, ba kunnena ba." Ta ja carbi ɗaya, biyu. "An yi masa wanka?"

Na ce ni na yi masa, Inna.

"Likkafani fa?"

Na ce farar rigata na farke, wani Bafulatani mai kiwo ya ba da rawaninsa, na haɗa da allura. Shi ya tsaya a bayana muka yi salla. Mai gidan ba musulmi ba ne, amma shi ya haƙa, ya ce in nuna masa inda fuska take kallo.

"Ka nuna masa daidai?"

Na ce daidai.

"Ya sha wuya?"

Na buɗe baki in ce a'a. Ta ɗaga hannu ta ce, "Bari. Ka yi mini ƙarya ta ishe ka haka." Ta ce mutumin nan yana da yara? Na ce ƙanana. Ta ce in ɗinka musu riguna, in kai da kaina in rafi ya sauka, kada in ce daga wa.

Sai ta kira Saratou. Ta zo ta durƙusa. Inna ta jawo kanta ta ɗora a cinya, ta ce, "Tela, rufe ƙofar gida. Ke kuma cire zanen nan daga bakinki."

Na rufe ƙofar, na sa sakata, na tsaya a zaure ina tsaron hanya. Ina jin su daga nan.

Mounkaila ƙanena ya rasu ranar Juma'a, biyu ga wata, da hantsi, kansa a kan hannuna. Bai tsere ba.